Yadda A Ke Lissafin Wa'adin Iznin Matuƙin Jirgin Sama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa bayanin wani lissafi. Tun ran 1 ga Nuwamba 1925 da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano, jirgin sama ya shigo ƙasarmu. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙinsa a Zariya, yau ga 'ya'yanmu suna shiga. Amma mutane da yawa suna tsammani in yaro ya sami lasin, shi ke nan har abada. Ba haka ba ne.

Lasin dabam, iznin irin jirgin da mutum zai tuƙa dabam. Wannan izni a kan rubuta shi cikin lasin, kuma yana da wa'adi. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasin, bisa ƙa'idodin ƙungiyar ICAO wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944. Kowace ƙasa da tsarinta, amma bari in kawo na Tarayyar Turai, don lissafinsa a fili ya ke.

A can, iznin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya shekara 2 ya ke yi, ƙarshensa kuwa kullum ƙarshen wata ne. Hanyar sabunta shi biyu ce. Ta fari, mai jarrabawa ya hau tare da matuƙi ya gwada shi cikin wata 3 na ƙarshen wa'adi. Ta biyu, cikin wata 12 na ƙarshe matuƙi ya yi awa 12 a sama, 6 daga ciki shi ne shugaban jirgi, ya tashi sau 12, ya sauka sau 12, sa'an nan ya yi awa ɗaya tare da malami.

To, ga inda lissafin ya ke. A ce iznin wani zai ƙare ran 30 ga Yuni 2026. In ya ci jarrabawa a Afrilu ko Mayu, ba daga ranar jarrabawa za a fara ƙirga ba, sai daga tsohuwar ranar ƙarewa, watau sabon wa'adi ya kai 30 ga Yuni 2028. Bai yi hasarar ko kwana ɗaya ba. Amma in ya yi gaggawa ya tafi ran 10 ga Janairu 2026, daga ranar nan za a ƙirga, wa'adi ya tsaya 31 ga Janairu 2028. Wata 5 sun tafi a banza, sauri ya haifi nawa. In kuwa ya yi sakaci har 1 ga Yuli ta same shi, ba shi da ikon tuƙa irin jirgin nan sai ya koma makaranta ko wurin malami an duba abin da ya manta, an ƙara masa horo in da bukata, ya kuma ci jarrabawa. Kowace awa a sama kuɗi ce mai tsoka, iyaye ne kuwa galibi ke biya.

Takardar likita ma haka ta ke. A ƙa'idar ICAO, ta mai tuƙin kansa wata 60 ta ke yi, in ya wuce shekara 40 da haihuwa ta koma wata 24. Wanda aka duba shi cikin kwana 45 kafin ƙarewa, daga tsohuwar rana a ke ƙirga masa.

Jama'a, ku dubi hikimar abin. Da daga ranar jarrabawa a ke ƙirga kullum, da kowa sai ya jira ranar ƙarshe don kada ya yi hasara, ranar kuwa ta yiwu hazo ya rufe gari, ko jirgi ya ƙi. Da aka buɗe wata 3, sai mutum ya zo cikin natsuwa. Ba a kuwa yarda a buɗe fiye da haka ba, don kada tsakanin gwaji da gwaji ya yi nisa, hannu ya yi tsatsa, alhali rayukan mutane ke cikin jirgin.

Saboda haka ina jan kunnen samarinmu: kowa ya tambayi dokar hukumar da ta ba shi lasin, ya rubuta ranar ƙarewa da ranar da ƙofar sabuntawa ke buɗewa, ya je a tsakaninsu. Allah ya kiyaye hanya. Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Rimaye.