Ido Biyu, Lamba Biyu: Abin da Ake Faɗa Kan Tabarau da Abin da Yake Gaskiya

Akwai ƙorafin da masu haɗa tabarau suka saba ji. Mutum zai karɓi gilashinsa na medikal, ya juya shi a hannu, ya ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kauri, sai ya ce an yi masa algus ko an haɗa masa da na wani. Daga nan maganar ta shiga gari, kowa ya ƙara mata gishiri.

Bambancin kaurin nan ba kuskure ba ne. Idanun mutum ba lallai su zo da ƙarfi ɗaya ba. Duba takardar da aka ba ka bayan gwaji, za ka ga layi biyu, na dama da na hagu. Idan dama ta nuna -1.00, hagu kuma -4.00, dole gilashin hagu ya fi kauri a gefe, kuma mai kallonka zai ga idon hagun kamar ya ɗan ƙanƙance. Idan lambar mai alamar tarawa ce, kaurin a tsakiya yake, idon kuma ya fito kamar ya girma. Idon yana nan yadda Allah ya halicce shi, gilashi ne ke sauya kamanninsa. Batun cewa tabarau na zurmar da ido ko ya cinye ƙarfinsa ba shi da tushe.

Amma masu cewa irin wannan tabarau na sa jiri da ciwon kai, gaskiya suka faɗa, kuma bai dace a yi musu gatsali a ce raki ne ba. Kowane gilashi yana ƙara ko rage girman abin da ido ke gani. In lambobin sun yi nisa da juna, ido ɗaya zai kai wa ƙwaƙwalwa hoto babba, ɗayan ya kai ƙarami, ita kuma ta yi ta faman haɗa su. Yawancin manya suna jure bambancin da bai wuce lamba 2 zuwa 3 ba. In ya haura haka, wahala ta soma. Akwai kuma matsala ta biyu da ba a cika bayyana wa mutane ba: gilashi yana karkatar da haske in aka kalla ta wajen tsakiyarsa, kuma mai ƙarfi ya fi karkatarwa. Shi ya sa mutum zai ga hanya garau, amma da ya sunkuyar da ido kan Alƙur'ani ko waya, sai layuka su hau juna, ko ya rasa inda zai sa ƙafa a matakala.

Duk wannan yana da gyara, kuma yawancinsa a hannun mai haɗa gilashin yake. Ya auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido, ya sa alama a inda kowace take da firem ɗin a fuskarka, ya zaɓi ƙaramin firem da zai zauna kusa da ido, ya yi amfani da gilashi marar kauri. Wani a raba masa na karatu da na hangen nesa. In bambancin ya yi yawa, gilashin da ake ɗorawa kan ƙwayar ido, wato kontak lens, ya fi dacewa, sai dai yana son tsafta sosai, balle lokacin ƙurar hunturu. A ba sabon tabarau kamar mako biyu. In jirin bai tafi ba, ko ana gani biyu-biyu, a koma a sake aunawa.

Wasu kuma na cewa na kasuwa ma ya isa, tunda ana gani da shi. Tabarau na tebur lambarsa ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Yana taimakon dattijon da idanunsa suka yi daidai wajen karatu, amma mai bambancin lamba ido ɗaya kawai zai yi wa aiki. Haka wanda aka tura wa yanar ido ta hanyar gargajiya a ido ɗaya: idon zai buƙaci gilashi mai ƙarfin kusan +10, wanda ba ya haɗuwa da lafiyayyen ido. A aikin asibiti ana dasa gilashi a cikin idon, shi ke hana wannan matsala.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta yara: "Bar shi ya girma, ina yaro ina gilashi?" Wannan magana ta jawo asarar gani mai yawa. Yaron da ido ɗayansa ke gani dishi-dishi ba ya kuka da shi, domin ɗayan yana rufa masa asiri. Ƙwaƙwalwarsa sai ta yi watsi da mai raunin, har ya zama raggon ido, wani lokaci ma harara-garke ta biyo baya. An fi cin nasarar magani kafin shekara 7 zuwa 8, ta hanyar ba shi cikakkiyar lambarsa, a wasu lokuta kuma a rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum domin ɗayan ya koyi aiki. Yara sun fi manya saurin sabawa da bambancin lamba nesa ba kusa ba. Wanda aka bari har ya girma, ko an ba shi gilashin da ya dace, ganin ba ya dawowa cikakke.

Iyaye, gwajin farko a gida ake yinsa. Ku rufe wa yaro ido ɗaya da tafin hannu, ku nuna masa rubutu ko hoto daga nesa, sannan ku rufe ɗayan. In ya ture hannunku a gefe ɗaya kaɗai, ko ya kasa faɗin abin da ya gani ɗazu, ku kai shi wurin likitan ido ko ƙwararren mai auna gani tun kafin ya shiga firamare.