Ina Gayya Ta Tafi?

'Yan'uwa manoma, a wani taron ƙungiyar gama kai da muka yi a ƙasar Ƙanƙara, wani dattijo ya tambayi samari ko akwai wanda ya taɓa noma da ganga a bayansa. Ba wanda ya ɗaga hannu. Suka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Abin da ya sa na rubuta wannan ke nan, don mu duba yadda gandu da gayya suka kuɓuce mana.

A dā, uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, gona ɗaya suke yi. Wannan shi ne gandu. Daga safe zuwa azahar aikin gandu ne, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa. Maigida ke riƙe da rumbu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa yaro aure. A gidajen Maguzawa, inda kakannin yawancinmu suka fito, gandu ya fi girma, gama mata ma suna shiga gona. In ciyawa ta fi ƙarfin gida sai a kira gayya. Maƙwabta su zo da fartanyoyinsu, makaɗi yana kiran sunan kowa, mai gona ya ba da tuwo da abin sha. Sa'ad da iyayenmu suka karɓi bishara suka bar giya, suka sa kunu a madadinta, gayya kuwa ba ta fasa ba.

To, me ya kashe ta? Dattawa sukan ce lalacin yaran zamani ne. Ni ban yarda ba.

A 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtua da taimakon Bankin Duniya, ya haɗa da ƙasar Ƙanƙara da Faskari. Aka kawo takin zamani da irin masara, aka gyara hanyoyin ƙauye. Wannan alheri ne. Amma taki da kuɗi ake sayensa, masara kuwa kasuwa ake kai ta. Yaron da ya ga gayaunarsa za ta saya masa keke, yaushe zai so ya yini a gandu? A 1976 makarantar firamare ta kyauta ta kwashe yara da safe, watau daidai lokacin aikin gandu. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta Jihar Kaduna, wadda muke cikinta a lokacin, ta soke haraji. Kowa ya yi murna, amma igiya ɗaya da ta ɗaure ɗa da ubansa ta tsinke. Gandu ya rabu, ƙwadago ya maye gurbin gayya. Daga baya maganin ciyawa ya zo, mutum ɗaya da famfon feshi a baya ya gama a yini abin da dā sai an tara unguwa.

Muddin da kuɗi a hannu, ba mu ji rashin ba. Yanzu fa? 'Yan bindiga sun kore shanun noma a ƙauyuka da yawa. An bar gonakin bakin daji a Sabuwa da Faskari, jama'a sun matsu a 'yan gonakin kusa da gari. Bayan an sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, ba uwar da ke sakin ɗanta daji da kwanciyar rai. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin ƙwadago da na feshi da na hayar tarakta suka hau. Mai hali yana iya biya. Gwauruwa da tsoho da wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, su ne ciyawa ke cinye wa dawa, su ne kuma dā gayya ke rufa wa asiri.

Abin mamaki, tsoro ya fara komo da abin da kuɗi ya kora. Na ga inda manoma ba sa fita sai a ƙungiya, su gama gonar wannan, gobe su shiga ta wancan, wani yana bisa itace yana duba hanya. Ba ganga, don ba a son ƙara, amma gayya ce.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce, tun kafin ruwa ya sauka a rubuta sunaye da ranaku a littafin magatakarda, yadda muke yi wa adashi. Mutum goma zuwa goma sha biyu sun isa. A sa gonakin gwauraye a noman farko, kada a bar su sai maimai. Kowa ya zo da kununsa, don kada dafa wa taro abinci ya hana matalauci kira. Wanda ya fasa zuwa ba dalili, ya biya kuɗin ƙwadagon yini a asusun ƙungiya.