Masu Neman Saniya a Tekun Fasifik

A unguwar Point Loma ta birnin San Diyego, can kudancin Kalifoniya daf da iyakar Meziko, akwai mutanen da ke lissafin shekararsu da tafiye-tafiyen teku. Lokacin zafi na gajerun tafiye-tafiye ne, kwana 3 zuwa 5. Da kaka ta kama sai a koma na kwana 8 ko 10. Babbar tafiya kuwa, ta kwana 15 ko fiye, sai sanyi ya shigo. Kamun kifi ba sana'arsu ba ce. A cikinsu akwai likita da mai gyaran famfo, akwai ɗan kwana-kwana da tsohon sojan ruwa, ga tarin 'yan fansho da gwiwa ta fara yi wa gardama amma sun ƙi saduda. Kowa yakan biya dubban daloli a ba shi ɗan gado a cikin jirgi da wurin tsayawa a bakin shinge, a nausa da shi kudu ya jefa fatsa. Da yawansu jirgi ɗaya suke shiga, a mako ɗaya, tare da mutane ɗaya, shekara da shekaru, har ta kai in aka ga baƙuwar fuska a gadon wane sai an yi ƙasa da murya kafin a tambayi lafiyarsa.

Abin yana da asali. San Diyego ta taɓa zama cibiyar kifin tuna ta duniya, zamanin da mutanen Fotugal daga tsibiran Azores da Madeira, da Italiyawa, da Japanawan da suka kawo dabarar kamu da gora, suka cika gaɓar garin. Maza na jere a gefen jirgi suna fizgo tuna da gora, wani na sama yana watsa ƙananan kifaye masu rai don garken ya tsaya. Kamfanonin kifin gwangwani sun yi ta rufewa har na ƙarshe ya tafi a 1984, amma watsa kifi mai rai bai tafi ba, jiragen masu fatsar nishaɗi suka gaje shi. Tashar H&M tana nan tun 1935, ga Fisherman's Landing da Point Loma Sportfishing a maƙwabtanta. Marigayi Bill Poole, wanda ya rasu a 2009, shi ya ƙera manyan jiragen da har yau ake tinƙaho da su, irin su Royal Polaris da Excel mai tsawon ƙafa 124.

Ba a barin tashar kai tsaye zuwa teku. Sai an biya ta wurin masu abincin ƙugiya, wasu akwatunan katako da ke shawagi a bakin mashigin ruwan, inda kamfanin iyalin Everingham, da ke wannan sana'a tun 1951, ke ajiye sadin. Nan ne tafiya ke gyaruwa ko ta lalace, kuma tsofaffin hannu sun san haka, shi ya sa za ka ga sun bar shirya kaya sun zo sun yi cirko-cirko suna leƙen kowace koma da ake juyewa cikin tankin jirgi. Sadin da ya huta a akwati ya warke daga wahalar kamu, bayansa kore ne shar, jikinsa da santsi, ɓawonsa bai zube ba. Wanda hancinsa ya yi ja, wannan ya gaji, ba zai kai ka ko'ina ba.

Zaɓen sadin shi ne abin da na fi so a duk al'adar, kuma shi ne baƙo ya fi rainawa. Ba a damƙar sa. Ana jiƙa hannu, a zura a hankali ta ƙarƙashinsa, a tallafo wanda ya fi kowa wuyar kamawa, domin wanda ya tsaya ka kama shi cikin sauƙi zai tsaya haka a cikin teku. A saƙala ƙugiya ta hanci in ana so ya yi nisa a saman ruwa, ta ciki in ana so ya nutse, a taka da sauri zuwa shinge, a jefa shi ba tare da an maka shi da ruwa ba. In ya faɗi a daɓen jirgi an gama da shi, a shure shi cikin teku a koma a zaɓi wani. In ya shiga ruwa bai ja zare da gudu ba cikin ɗan lokaci, a canza. Na ga dattijon da ba ya iya ɗaga buhu amma yana kama kifi fiye da samari uku, don kawai yakan tsaya a bakin tanki ya yi ta kallo kamar mai zaɓen ragon layya, alhali su sun riga sun jefa nasu sun gaji.

Kwanakin tafiya zuwa wurin kamu na ɗaurin ƙulli ne da ci da labari. Duwatsun Alijos, wasu tsiraran duwatsu uku da suka ɓullo a tsakiyar ruwa, suna da nisan kusan mil 500 daga San Diyego. Tudun ƙarƙashin ruwan da ake kira Hurricane Bank ya kusa mil 1,000, sai an shafe kwanaki ba a ga ƙasa ba. Kyaftin ko babban yaron jirgi yakan tara mutane a ɗakin cin abinci ya maimaita dokokin da kowa ya haddace. A raba jama'a rukuni-rukuni masu jan ƙugiya a bayan jirgi bi da bi, ko za a dace da wahu, kifin nan mai gudu da haƙora kamar aska. Mai dafa abinci kuwa ba ya barin ciki ya huta.

Dokar shinge guda ce: bi zarenka. Jirgi na kwance iska na tura shi, mutum 20 ko 30 sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya jefa daga kusurwar baya yana matsawa gefe a hankali yadda zarensa zai kasance a gabansa sak, na bayansa ya maye gurbinsa. Wanda ya kafe a wuri ɗaya shi ke haɗa sarƙaƙiyar da za ta cinye wa mutum biyar kifinsu. Da kifi ya ɗauka sai mai shi ya yi ihu, daga nan hanya tasa ce. Duk inda kifin ya ja shi nan zai bi, yana ɗaga sandarsa ta kan wannan, yana sunkuyawa ta ƙarƙashin wancan, wani lokaci ya zagaye jirgin sau biyu ko uku, yaron jirgi na biye da shi yana ware zare. Likita ya kauce wa mai gyaran famfo ba tare da an roƙe shi ba. In kifi ya taso har aka hango ƙyallinsa a ƙasa, sai a yi shelar an ga launi, masu gora mai ƙugiya su rugo. Babban kifi sai gora uku ko huɗu kafin a jawo shi sama. A soke shi a ka, a zubar da jininsa, a maƙala masa lambar mai shi a kumatu, a zura shi rumbun ruwan teku mai sanyi da ke ƙarƙashin daɓe.

Wanda ya kama tunarsa ta farko a duniya ba ya tsira. Yaron jirgi zai ciro zuciyar kifin tana bugawa ya miƙa masa, jama'a su kewaye shi sai ya gatsa. Wasu na cewa daga masuntan Fotugal aka gada, wasu su ce daga Japanawa, wasu kuma su ce yaran jirgi ne suka ƙirƙira don su sami abin dariya. Ni na fi karkata ga na ƙarshe. Haka batun ayaba. Ba a shiga da ita jirgi, in aka gano ta a jakar wani sai ta sha ruwa. Tambayi dalili ka sha bayani: wai gizo-gizo mai dafi ke ɓuya a cikin nononta a jiragen dā, wai tana sa sauran kayan marmari su ruɓe da wuri, wai jiragen dakon ayaba gudu suke yi har ba a kama komai a bayansu. Wanda ke ba ka bayanin zai rantse shi bai yarda da camfi ba, amma ba zai ci ba sai an sauka.

Akwai kuma kuɗin da ake tarawa a farkon tafiya, wanda ya fi kowa babban kifi ya kwashe. Ni dai ba na sa nawa, caca ce ko da an yi mata kwalliya, kuma ba wanda ya taɓa tsangwama ta a kan haka. Abin da ya burge ni shi ne yadda mai nasara kan juya ya miƙa wa yaran jirgi rabin kuɗin ko dukansa, ban da ihsanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin tafiya da kowa ke bayarwa a ƙarshe. Wanda ya ci ya soke duka a aljihu bai karya doka ba, amma za a riƙa tunawa da shi.

Wannan miƙa kuɗin yana da nasaba da gardamar da ba ta ƙarewa a ɗakin cin abinci, wato kifin wa ne. Tuna mai rawayan ƙaya da ta haura laba 200, kusan kilo 91, ita ake kira saniya, kuma ita ce burin duk mai doguwar tafiya. A 1977 Curt Wiesenhutter ya kama mai laba 388 a tsibirin San Benedicto daga kan Royal Polaris, bajintar da ta tsaya a littafin ƙungiyar masu fatsa ta IGFA sama da shekara 30, sai a Nuwamban 2010 Mike Livingston ya kawo mai laba 405 a jirgin Vagabond. A Disamban 2012 John Petruescu ya kama mai laba 445 a kan Excel, amma ba a rubuta ta ba, domin wani ma'aikacin jirgi ya taɓa sandar ana cikin fafatawa. Dokar ƙungiyar ta ce ba mai taɓa sanda ko zare sai mai kamu, kuma ba a jingina sanda a kan shinge. To, mutanen San Diyego kuwa jingina sanda a shinge shi ne salonsu. Mutum ya durƙusa, ya ɗora sandar a kan katakon, ya danne gindinta a hammata, in igiyar ruwa ta ɗaga jirgi ta ja masa kifin, in ta sauke ya naɗe zare. Masu ra'ayin littafi na cewa wannan jirgi ne ya kama, ba mutum ba. Su kuma su amsa cewa a jirgin da mutum 30 ke fatsa, ga igiyar anga, ga zaren maƙwabta, ba wanda ya taɓa kama saniya shi kaɗai. Ina tare da su. Kyaftin ne ya nemo wurin, wani yaro ne ya wuni a kan tanki yana watsa sadin, wasu ne suka naɗe zarensu suka ba ka hanya, mutum huɗu ne suka sa gora. Lambar da ke kumatun kifin taka ce, wannan gaskiya ne, kuma ya isa.

Safiyar dawowa tashar takan cika da iyalai da 'yan kallo. A jera kifi bisa lamba, a rataye manyan a sikeli, a ɗauki hoto. Dokar Meziko ba ta barin mutum ya wuce kifi 5 na jinsi ɗaya a rana, kuma ba a tara fiye da rabon kwana 3 komai tsawon tafiya, amma tuna 15 ma ta fi ƙarfin gida ɗaya. Dā musayar ta ake yi da gwangwani, ka ba da ɗanye a ba ka katan-katan. Yanzu masu yanka ke jira da motocinsu, su fere, su ɗaure a leda, ka raba wa maƙwabta da abokan aiki.

Teku dai tana ta ƙuntata. Tsibiran Revillagigedo, inda aka yi zamanin manyan shanu, an rufe su ga waɗannan jirage a 2002, a 2017 kuma Meziko ta mai da yankin gandun da ba a kamun komai. Tsibirin Guadalupe, inda ake tsere da manyan kifayen shak wajen fito da tuna kafin su gutsure ta, shi ma an rufe shi. Ba na jayayya da dalilin, kifi na buƙatar inda zai huta, amma wanda ya taɓa kwana a gindin tsibirin Clarion na Revillagigedo ba ya jin bayanin da daɗi. Kayan aiki ma sun sauya. Zaren roba mai kauri ya ba da wuri ga siririn saƙaƙƙe mai ƙarfi, abin naɗe zare ya zama mai giya biyu, kifin da dā ake awa uku da shi yanzu yakan zo cikin ƙasa da awa. Daga wajen 2015 manyan tuna masu shuɗin baya suka dawo kusa da gida, har mutum na iya kama mai laba 200 a tafiyar kwana 2, cikin dare, da guntun ƙarfe mai ƙyalli maimakon sadin, ko da yake 2 kawai aka yarda masa a rana. Samari sun raja'a a kan wannan, kuma ba laifinsu ba ne, wa ke da hutun mako biyu? Sai dai da yawansu ba su iya zaɓen sadin ba. Ga intanet ta shigo jiragen, bayan cin abincin dare rabin ɗakin na duban waya, tsofaffin da ke da labarin San Benedicto suna ba junansu.