Addu'ar Kirista a lokacin rashi: abin da ya kamata ku sani

A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi, suka ƙwace hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, da ke Kwarhi. Wata shida kafin nan, a daren 14 ga Afrilu, an sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ekklesiya ce. Shugabanni suka koma Jos da zama na ɗan lokaci, mabiya suka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. Cocin da ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923 ta wayi gari tana ƙidayar gawarwaki da ƙonannun majami'u.

To, wanda irin wannan ta faɗa masa, me yake gaya wa Allah idan ya durƙusa?

Da farko dai, ba a hana shi kuka ba. Mutane da yawa, har cikin Kiristocin kansu, sun ɗauka mai bangaskiya shi ne wanda idonsa ya bushe a bakin kabari. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Cikin Zabura 150, masana na lissafa kusan kashi ɗaya cikin uku a matsayin addu'o'in kuka da kai ƙara. Mai Zabura ta 13 ya tambayi Allah har sau huɗu yaushe wahalarsa za ta ƙare. Zabura ta 88 ta fi tsanani, domin ta ƙare ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba, kuma ba a cire ta daga littafin ba. Akwai ma littafi guda mai suna Makoki, wanda aka rubuta bayan Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bisharar Yohanna, sura ta 11, ta nuna Yesu yana zubar da hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi daga matattu nan da ɗan lokaci.

Labarin Ayuba, wanda kowane Bahaushe ya san shi da haƙuri, ya cancanci a tsaya a kansa. Yadda ya zo a Littafi Mai Tsarki, ya rasa dukiya da 'ya'ya goma da lafiyar jiki. Abokansa uku suka zo, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da sun tsaya nan da sun gama lafiya. Sai suka buɗe baki suka shiga yi masa bayanin cewa lallai akwai zunubin da ya ɓoye. Ayuba ya musanta, ya yi ta kai kukansa da zafi. A sura ta 42 abokan ne Allah ya tsawata wa, ba mai kukan ba. A ganina duk mai zuwa gaisuwar mutuwa ya kamata ya san wannan labari, musamman masu wa'azin da ke gaya wa uwar da ta binne ɗanta cewa da bangaskiyarta ta kai, da bai mutu ba. Wannan magana zalunci ce, ko da an yi ta da Littafi a hannu.

Begen Kirista kuwa, ba zaton cewa gobe za ta fi yau ba ne. Tushensa imani ne cewa Yesu ya mutu, ya tashi a rana ta uku, kuma matattu za su tashi. Manzo Bulus ya shimfiɗa wannan a 1 Korintiyawa sura ta 15, sannan a 1 Tasalonikawa sura ta 4 ya nuna cewa mai bi yana baƙin ciki, sai dai ba irin na wanda ya yanke ƙauna ba. Shi ya sa za ka ji ana cewa mamaci "ya yi barci" ko "ya koma gida". Shi ya sa kuma baƙo kan yi mamaki idan ya tarar ana kiɗa da waƙa a gidan makoki, matan da ke rera waƙar kuma suna share hawaye da bakin zane. Ba murnar mutuwar ake yi ba.

An ga nauyin wannan bege a Janairun 2020, lokacin da Boko Haram ta kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, wato CAN, na ƙaramar hukumar Michika. A bidiyon da aka saki ya yi magana a natse, ya nemi a taimaka a cece shi, ya kuma nuna cewa ko bai sake ganin iyalinsa ba, ya miƙa al'amarin ga Allah. Aka yi ta addu'a da azumi dominsa. Cikin watan aka kashe shi. Haka ake yi wa ɗaliba Leah Sharibu addu'a tun da aka sace ta a Dapchi a Fabrairun 2018. Koyarwar Kirista ba ta yi alkawarin cewa duk abin da aka roƙa za a samu yadda aka so ba. Yesu kansa ya roƙa a Jatsaimani a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, aka kuma gicciye shi washegari.

Wuri mafi wuya shi ne umarnin yi wa maƙiyi addu'a, wanda ke cikin Matiyu sura ta 5. EYN ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami daga cocin Amurka da ta haife ta, kuma shugabanninta sun yi ta kiran mabiya kada su rama. Faɗa da baki ba wuya. Amma gafara ba ta nufin a daina neman shari'a, kuma ba a tilasta wa gwauruwa ta furta ta kafin ƙasar kabarin mijinta ta bushe.

Ga wanda maƙwabcinsa Kirista ya yi rashi, akwai 'yan abubuwan lura. Ba lallai a yi jana'iza ranar ba. Ana iya ajiye gawa a asibiti kwanaki ko makonni har dangi su hallara, a yi daren waƙoƙi da addu'a, washegari a kai akwati coci, sannan maƙabarta. Ɗarikun ma sun bambanta. Katolika suna yi wa mamaci addu'a, suna miƙa hadayar Mas dominsa, har sun keɓe 2 ga Nuwamba don tunawa da matattu. ECWA da COCIN da EYN da Baptis galibi ba sa roƙa wa wanda ya rasu, sun ɗauka al'amarinsa ya riga ya koma hannun Allah, don haka addu'arsu kan waɗanda aka bari take. Idan ka rasa abin faɗa, "Sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri" ta wadatar a kowane gida, su ma za ka ji suna cewa "Ubangiji ya ta'azantar da ku".

Yawancin aikin kuwa mata ke yinsa. Ƙungiyar matan coci, wato Zumuntar Mata, ce ke fara isowa da itace da tukwane da hatsi, su kwana a tabarma kusa da wadda aka yi wa rashi, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matsalar takan taso bayan sati biyu, idan an naɗe rumfa, an mayar da kujerun haya, dangin miji sun fara maganar gona da gida, ga kuɗin makarantar yara ya zo. Fastoci da dama sukan ce a lokacin ne masu ziyara ke ƙaranci, kuma a lokacin ne aka fi bukatar wanda zai leƙo da mudun masara, ya tambayi ko yaran sun koma aji.