Injin mota a jikin jirgi: idan batir ya ɗauke, sai me?

A shekarar 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, ya ɗora masa injin Honda Civic. Jirgin ya ɗaga, duk da bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Har yau idan hirar ƙera jirgi ta taso a tsakaninmu, injin da farfela ake yi wa magana. Ni kuwa wayarin ne ya fi tsaya mini a rai, don a nan ne injin mota yake da wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba.

Injin ƙaramin jirgin sama, irin Lycoming, ba ya neman batir kafin fulogi ya ba da wuta. Yana da maganeto guda biyu, kowanne injin ne ke juya shi ya samar da wutarsa, kuma kowace silinda fulogi biyu gare ta. Ko batir ya mutu, ko altaneta ta ƙone, rediyo da fitilu ne za su ɗauke, injin na nan yana aiki. Irin wannan injin ne a jikin Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa wa sojojin sama a Kaduna bisa zanen RV-6A, wanda asalinsa jirgi ne da mutane ke haɗawa a gida a Amurka.

Injin mota fa? Kwayil ɗinsa wutar batir yake ci, famfon mai ma haka a yawancinsu. Waya ɗaya ta kwance, shi ke nan, injin ya yi shiru. A titin Dambatta sai ka gangara gefe ka kira mai wayarin. A sama babu gefe. Kuma wanda ya san yankinmu, daga Bichi zuwa Makoɗa, ya san babu wani fili da ke zaune haka kawai: gonar gero na manne da ta dawa, ga ɗorawa da kuka a tsakiya, ga gidaje a kowane lungu. Saukar dole a irin wannan wuri ba ran matuƙi kaɗai take taɓawa ba.

Saboda haka zanen wayarin yana farawa ne da tambaya ɗaya a kan kowane abu: idan wannan ya lalace, me zai biyo baya? Duk abin da injin ba zai rayu ba sai da shi, a ba shi hanyar wuta biyu: batir na biyu, da makunninsa daban, da wayarsa da ba ta bin hanyar ta farko. Sai a lissafa amfiya nawa kowace na'ura ke ja, a tara. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce nauyin da ke kunne kullum kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin altaneta, don a bar wa batir abin caji.

Sai fis. Abin da aka koya mana a aji yana nan daram: waya fis yake karewa, ba na'ura ba. Waya mai lamba 22 a ma'aunin AWG ba a ba ta fiye da amfiya 5, mai lamba 18 kuma 10. A sa shi kusa da inda wutar ta taso, don duk tsawon da ke gabanin fis tsirara yake. Al'adar nan ta naɗa zaren waya a madadin fis, kada ma a kawo ta kusa.

Ita kanta wayar, ta wayarin gida mai sili ɗaya ba ta shiga jirgi. Girgiza za ta yi ta lanƙwasa ta har ta karye a cikin rigarta, ido bai gani ba. Rigar PVC kuma idan ta kama wuta hayaƙinta guba ne, ga shi matuƙi ba shi da wurin gudu. Ana amfani da waya mai silili da yawa, tagulla da aka shafa wa kuza, mai rigar Tefzel da ke jure zafin digiri 150. Tana da tsada, gaskiya, amma a ganina gara a rage kuɗin fenti. A watan Satumba na 1998 jirgin Swissair mai lamba 111 ya faɗa teku kusa da Kanada, mutum 229 suka mutu, kuma bincike ya danganta gobarar da tartsatsin waya a saman ɗakin matuƙa.

Haɗi ba a murɗe shi a naɗe da salatif. Matse shi ake yi da kan waya da filayar da aka yi don haka. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a ɗaure ta nesa da salansa, kuma idan ta haɗu da bututun mai, ita ce a sama. Idan gangar jirgin katako ce, ba za ta maido da wuta kamar bodin mota ba, dole kowace na'ura ta samu wayar dawowa zuwa mahaɗa guda. Jirgin da ya kwana biyu a rumfa kusa da rumbu kuwa, a bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya kafin a tayar, don ɓera ba ruwansa da Tefzel.