Fim ɗin ban tsoro da yaro ya kalla: me ya sa tsoron ke daɗewa?

A gidaje da yawa, manya kan kunna fim a talabijin ko a waya, yara suna gefe suna kallo. Idan aka nuno aljani, ko maye, ko wani da ake yi wa kisan gilla, babba zai kalla ya manta. Shi kuwa ɗan shekara huɗu ko biyar, wannan hoton na iya zama a ransa har ya girma. Yana da kyau ku san dalilin haka, da abin da za ku yi idan ya faru da ɗanku.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwar yaro?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala. Aikinsa shi ne ankarar da jiki idan haɗari ya zo: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya ɗau rawa. Wannan sashe yana aiki tun yaro yana ƙarami. Amma sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu ya ce "wannan wasan kwaikwayo ne", ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Shi ya sa yaron da bai kai shekara bakwai ba yake shan wahala wajen bambance fim da gaskiya. A wurinsa, dodon da ya gani yana nan, kuma zai iya shigowa ɗaki da dare.

Ƙananan yara sun fi firgita da mummunar kama, kamar fuskar da ta rikiɗe ko mutum ya koma dabba. Waɗanda suka haura shekara takwas sun fi tsoron abin da zai iya faruwa a zahiri, kamar gobara, satar mutane ko mutuwar iyaye.

Shin tsoron na daɗewa?

Yawancin yara kan warware cikin 'yan kwanaki, amma ba duka ba. A 1999, masu bincike Kristen Harrison da Joanne Cantor sun tambayi ɗaliban jami'a a Amurka game da finafinan da suka taɓa firgita su. Kusan kashi 90 cikin 100 sun ce abin ya taɓa faruwa da su, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ya ce har lokacin tsoron bai rabu da shi ba. A Birtaniya ma, mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 1994 labarin yara maza biyu 'yan shekara 10 da sai da aka kai su asibiti, bayan sun kalli shirin fatalwa na Ghostwatch da BBC ta nuna a 1992.

Alamomin da za ku lura da su

- Munanan mafarkai, ko farkawa da ihu cikin dare
- Ƙin kwana shi kaɗai, ko ƙin shiga banɗaki idan duhu ya yi
- Komawa fitsarin kwance bayan ya daina
- Manne wa uwa fiye da da
- Ciwon ciki ko ciwon kai da ba a gano dalilinsu ba
- Maimaita abin da ya gani a cikin wasansa

Kafin ku ɗora waɗannan alamomi a kan wani abu daban, ku tambayi yaron da yayyensa abin da ya kalla a kwanakin baya, har da bidiyon kashe-kashe da ake turawa ta WhatsApp.

Yadda za ku taimaka masa

Kada ku yi masa dariya ko ku kira shi matsoraci, domin hakan zai sa ya ɓoye damuwarsa ne kawai. Kada kuma ku tilasta masa sake kallon fim ɗin wai don ya saba. Ga ƙaramin yaro, cewa "ai ba gaskiya ba ne" ba ya wadatarwa. Ku rungume shi, ku zauna kusa da shi har barci ya ɗauke shi, ku bar masa fitila a kunne. Wanda ya ɗan tasa kuwa, bayani na yi masa amfani: ku nuna masa cewa jinin fenti ne, kuma ɗan wasan yana nan da ransa.

Rigakafi ya fi magani. Ku fara duba fim kafin yara su kalla, kuma ku daina razana su da dodo don su yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, sannan 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada kallonsu ya wuce awa ɗaya a rana.

Yaushe za ku ga likita?

Ku kai yaron wurin likitan yara idan alamomin sun wuce wata ɗaya, ko suna ƙaruwa, ko sun hana shi barci, cin abinci ko zuwa makaranta. Likita zai duba ko akwai wata cuta ko wani abin da ya sami yaron a zahiri, kuma yana iya tura ku wurin masanin halayyar ɗan'adam. Galibi ana magance irin wannan tsoro ta hanyar tattaunawa da saba wa yaro a hankali da abin da yake gudu, ba tare da shan magani ba. Idan ku da kanku kuna fama da tsoron da ya samo asali tun yarinta, wannan hanyar tana yi wa manya ma aiki.