Hannun da Ke Karɓar Kwalbar Jini

Ingancin sakamakon gwaji a asibiti yana farawa ne daga hannun mataimakin ɗakin gwaje-gwaje, mai karɓar jini da fitsari da majina. Idan ya liƙa sunan wani a kwalbar wani, sai a ɗora wa mai lafiya magani, a sallami majiyyaci. Jinin da aka bari ya daɗe kuwa, ƙwayoyinsa kan ci gaba da cinye sukarin ciki, har awo ya nuna ƙasa da gaskiya. Wasu za su ce ai na'urorin zamani sun rage kuskure. Haka ne, sai dai na'ura abin da aka ba ta take aunawa, ba ta san jinin wane ne ba. Saboda haka in mataimakin ya sake tambayarka sunanka, amsa masa ba tare da ƙosawa ba.